Rawar Sitiyari a Mota Mai Ɗaki: Mafarinta da Haɗarinta

A ƙasashen Amurka da Turai akwai wata irin mota wadda ake gina wa ɗaki a bayan mazaunin direba, a sa gado da murhu da tankin ruwa da makewayi a ciki, domin iyali su yi tafiyar hutu ba tare da neman masauki ba. Ita ce ake nufi da mota mai ɗaki a cikin wannan darasi. Kamfanin Winnebago na Jihar Ayowa ya fara ƙera irinta a 1966, garin Elkhart na Jihar Indiyana kuwa shi ne cibiyar sana'ar a Amurka. Manyan cikinsu sukan kai tsawon mita 12 ko fiye, nauyinsu ya haura tan 10. Na Turai ba su kai haka ba, domin lasin ɗin ƙaramar mota a can ya tsaya ne ga kilo 3,500, sai maƙera suka riƙa matse kome da kome cikin wannan nauyi.

Motar ba baƙuwa ba ce ƙwarai ga dattawan Kano. A shekarun 1970 da 1980 Turawa matafiya sukan keto Sahara daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da Damagaram, su sauka Kano cikin Volkswagen mai gado a baya. Amma akwai dangantakar da ta fi wannan ƙarfi. Da yawa daga cikin motoci masu ɗaki na Turai a kan shasin Fiat Ducato ake gina su, ita kuwa Ducato ta farko, wadda ta fito a 1981, uwarsu ɗaya da Peugeot J5 da ke jigilar tumatur da albasa daga Arewa zuwa Kudu. Saboda haka abin da za a faɗa a nan ya shafi direban J5, da na bas, da na motar asibitin tafi-da-gidanka, da duk wanda ke tuƙa mota mai tsawo da aka ɗora wa nauyi a baya.

Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: sitiyari ba ya rawa don kansa. Saƙo yake kawowa daga ƙafafun gaba, kuma lokacin da rawar take zuwa shi ne ke nuna inda ciwon yake. Akwai wadda ke zuwa idan gudu ya kai wani matsayi, akwai mai jiran a taka birki, akwai kuma wadda rami ke tayarwa. Direban da ya iya bambance su ya gama rabin aikin makaniki tun bai isa gareji ba.

Abin da ya raba ta da sauran motoci

Motar kaya takan tafi da lodi ta komo wayam, ƙafafunta su huta. Mota mai ɗaki ba ta sauke nata lodin har abada, domin ɗakin da kayan cikinsa a jikinta suke. Kafin mai ita ya sa jaka ɗaya ta riga ta kusa cika nauyin da aka ƙayyade mata. Sa'an nan a zuba ruwa, wanda kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce, a ɗora tukwanen gas da abinci da mutane.

Ban da nauyi, akwai tsawo. Rufinta kan kai mita 3 ko fiye daga ƙasa, iska na bugunta kamar bango, kuma ɗakin yakan zarce ƙafafun baya da mita 2 ko fiye. Wannan zarcewa tana aiki ne kamar ma'aunin sikeli. A ɗauka tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 4 ne, aka ɗaura babur mai kilo 150 a wutsiyar motar, mita 2 bayan ƙafafun baya. Nauyin da zai hau ƙafafun baya kilo 225 ne, ba 150 ba, na gaba kuwa za su rasa kilo 75. Ƙafar gaba da ta yi sauƙi ba ta kama titi sosai, kuma ɗan aibun da da nauyi ya danne sai ya sami sarari ya fito a sitiyari.

Abu na uku shi ne zama. Yawancin masu irin wannan mota sukan fitar da ita 'yan makonni ne a shekara, sauran watanni tana tsaye a wuri ɗaya, rana na dukanta ko sanyi. Mutane da yawa suna zaton motar da ba ta yi tafiya ba ba ta tsufa ba. Ga taya da birki, abin ba haka yake ba.

Rawar da ke zuwa da gudu

Wannan ita ce ta fi yawa. Mota tana tafiya lafiya a cikin gari, da an hau babbar hanya gudu ya kai wajen kilomita 80 zuwa 110 a sa'a sai sitiyari ya fara karkarwa a hannu. Sau da yawa dalilin shi ne nauyin taya da rim bai rarrabu daidai ba, wani gefe ya ɗara wani. Masu balansin taya sukan gyara wannan da 'yan ƙananan ƙarafa da suke maƙalawa a bakin rim. Idan ɗaya ya faɗi, ko laka ta bushe a cikin rim, ko taya ta ci a gefe guda, daidaiton ya tafi.

Wani zai ce, mene ne ɗan ƙarfen da bai fi kan ɗan yatsa ba ga motar tan 3 da rabi? Lissafi ne zai ba da amsa. Taya mai lamba 225/75 R16, irin wadda ake sa wa da yawa daga cikin waɗannan motoci a Turai, kewayenta wajen mita 2.3 ne. A gudun kilomita 100 a sa'a takan juya kusan sau 12 a daƙiƙa ɗaya, watau fiye da sau 700 a minti. Idan giram 50 kacal ya yi yawa a wani gefe na bayan tayar, a wannan gudu yakan fizge ta da ƙarfin da ya kai kilo 10, sama da ƙasa, sau 12 kowace daƙiƙa. Ƙarfin ba ya ƙaruwa daidai da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa a kilomita 50 ba a jin kome.

Akwai kuma abin da ke ruɗin direbobi. Sau da yawa idan aka ƙara gudu aka wuce wani matsayi, rawar takan ragu, sai direba ya ce ai maganinta a ƙara totur. Dalilin raguwar shi ne kowace ƙafa da safirin ɗinta suna da wani kiɗa da suke amsawa, wajen bugu 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Sa'ad da juyawar taya ta zo daidai da wannan kiɗa, rawar takan kumbura, kamar yadda lilo ke yin nisa idan ana tura shi a kan ƙa'ida. Da an wuce wurin sai hannu ya daina ji sosai, amma ƙarfin da ke dukan boris da tayarod bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Wanda ya ƙara gudu don ya tsere wa rawa ya toshe kunnensa ne kawai.

Motar da ta daɗe a tsaye tana da nata ciwon dabam. Wurin da taya ta zauna a ƙasa yakan baje, sai a ji bugu-bugu a farkon tafiya. Idan zaman bai yi tsawo ba, tayar takan komo daidai da ta ɗumama, bayan tafiyar kilomita 20 ko 30. Idan kuwa watanni ta yi ƙarƙashin nauyi da ƙarancin iska, bajewar tana iya zama ta dindindin, ba kuwa balansin da zai gyara ta. Rigakafinsa mai sauƙi ne: a cika iska kafin a ajiye motar, a riƙa fita da ita ana ɗan zagayawa lokaci lokaci, a kuma rufe tayoyin daga rana.

Mafi muni a wannan aji ita ce taya mai ɓarewa daga ciki. A ƙarƙashin zanen taya akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe da aka manne da roba. Zafi da tsufa da ƙarancin iska da yawan lodi sukan kashe wannan manni, ɗamarar ta fara rabuwa, wuri ɗaya ya tasa kamar ƙari. Alamarta ta bambanta da ta rashin balansin. Tun a ƙaramin gudu, wajen kilomita 20 zuwa 40, sitiyari yakan riƙa kaɗa kai hagu da dama a hankali kamar mai gyangyaɗi, kuma abin ƙaruwa yake yi daga sa'a zuwa sa'a. Rawar da ta taso farat ɗaya a tsakiyar tafiya a kan kwalta mai kyau, tana kuma daɗa ƙarfi, lalle ne a ɗauke ta a matsayin taya mai shirin fashewa har sai an duba an tabbatar ba haka ba ne.

Zanen taya ba ya nuna shekarunta, musamman a motar da ba ta yawan tafiya. Abin da ke nunawa shi ne lambar da ke gefenta. A ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ne kawai, an ƙera tayar kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani a kan hanya. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar a riƙa kai taya ga gwani kowace shekara da zarar ta cika shekara 5 tana aiki, kuma kome kyan ganinta kada ta wuce shekara 10 daga ranar ƙira. A ƙasa mai zafi irin Nijeriya hankali ya ba da a sauya tun kafin nan. Mai sayen tayar gwanjo ya fi kowa bukatar sanin wannan lamba.

Ba tsufa kaɗai ba, nau'in tayar ma abin lura ne. A watan Yuni na 2022 kamfanin Goodyear ya janye tayoyi kimanin 173,000 samfurin G159, masu lamba 275/70R22.5, waɗanda aka ƙera tsakanin 1996 da 2003. Hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka, wadda ta buɗe bincike a 2017, ta ce an tsara tayar ne don motocin kaya masu zirga-zirgar cikin gari, amma aka sa ta ga manyan motoci masu ɗaki da ke shafe sa'o'i suna gudu a babbar hanya, har bayan tayar ya riƙa ɓarewa. Kamfanin bai amince cewa tayar na da aibu ba. Kowane ɓangare mutum ya ba gaskiya, akwai abu biyu a fili. Taya tana iya shiga rim daidai ba tare da ta dace da aikin motar ba. Sa'an nan shekara 19 bayan ƙera ta ƙarshe ana neman ta a jikin motoci, abin da ke nuna irin daɗewar da taya ke yi a ƙarƙashin mota mai ɗaki. A Turai akwai tayoyin da aka yi musamman don wannan aiki, masu alamar CP a gefe, waɗanda ke shan iska har awo 80 a ma'aunin masu faci, alhali ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. A auna iska da safe tun taya na da sanyi, kuma a bi abin da maƙerin mota da na taya suka rubuta, ba ƙwanƙwasawa da ƙarfe ba.

Rim da ya lanƙwashe a rami ma yakan kawo irin wannan rawa. Haka notunan ƙafa idan sun kwance, kuma su ne ya kamata a fara dubawa idan ba a daɗe da cire ƙafar ba. Tsatsa mai gangarowa daga noti, ko sheƙi a kewayensa, ko ƙaras-ƙaras a ƙaramin gudu, alamu ne cewa rim na motsi a mazauninsa. Duk lokacin da aka sauya ƙafa, a sake ɗaure notunan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Rawar da ke jiran birki

Idan sitiyari lafiya lau yake har sai an taka birki, to a bar taya a koma ga faifan birki na gaba. Makanikai sukan ce faifan ya kandare. Sau da yawa abin da ya faru shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya a duk kewayensa, kuma bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa a ji shi a hannu da ƙafa. Takalmin birki yakan kama da ƙarfi a wurin da ya fi kauri, ya sassauta a inda ya fi siranta, sai ƙafar ta riƙa fizgar sitiyari a kowace juyawa.

Zafi ne babban mai kawo haka. Mota mai nauyi da ke sauka daga duwatsun Alp ko na yammacin Amurka, idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, faifan yakan yi zafin da zai toye takalmin, wani abu daga jikinsa ya manne a kan ƙarfen ba daidai ba. Direban J5 da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ba ya bukatar dogon bayani. Ƙa'idar ita ce a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, inji ya riƙe motar, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki ya sha iska. Zaman watanni ma yakan kawo irin wannan, domin tsatsa takan ci faifan ko'ina ban da wurin da takalmin ya rufe. Ɗaure notunan ƙafa barkatai, wani da ƙarfi wani sako-sako, shi ma yakan karkata faifan.

Akwai wata da ya kamata a san ta dabam. Wani lokaci birkin ƙafa ɗaya yakan ƙi saki bayan an ɗaga ƙafa. Motar takan tashi lafiya, bayan tafiyar wasu mintoci sai rawa ta fara ko ba a taka kome ba, motar na rinjaya gefe ɗaya, ana jin ƙauri. Idan aka tsaya aka kusantar da hannu ba tare da an taɓa ba, za a ji ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi nesa ba kusa ba. Wannan zafi yana iya narkar da giris ɗin boris, ya tafasa man birki har birki ya shanye, ko ya kunna wa taya wuta. A motar da ke ɗauke da tukwanen gas da katifu, ba abin da za a ce bari a ƙarasa gari ba ne.

Kada a haɗa waɗannan da bugun da ake ji a ƙafa sa'ad da aka taka birkin gaggawa a motar da ke da na'urar ABS. Wannan aikinta ke nan, kuma abin da ake so shi ne direba ya ci gaba da dannawa.

Rawar da rami ke tayarwa

Tsakanin sitiyari da taya akwai gaɓoɓi da yawa: tayarod da kawunansa, da mahaɗan da ƙafa ke juyawa a kansu, da boris, da robobin da ke riƙe ƙarafa, da shakazoba. Muddin suna da ƙarfi sukan shanye ƙananan bugu. Idan suka ci suka yi sako-sako, ƙafar takan sami 'yancin kaɗa kai ba da izinin direba ba. Alamun farko su ne wasa a sitiyari kafin ƙafa ta amsa, da ƙwas-ƙwas a gargada, da motar da ke yawo a kan layinta sai an yi ta gyara mata hanya. Boris da ya mutu yakan yi gurnani mai sauya murya idan an sha kwana. Shakazoba da ta mutu takan bar taya tana tsalle, sai zanenta ya ci rami-rami kamar an yafce shi da cokali.

Manyan motoci masu ɗaki na Amurka, irin waɗanda ake ginawa a kan shasin Ford F-53, ƙafafunsu na gaba a kan aksul ɗaya suke, kamar na babbar motar kaya. Abin da ya sami ƙafar hagu nan take yake isa ta dama. A irin wannan gini, idan gaɓoɓi sun saki, rami ɗaya ko mahaɗin gada a babban gudu yana iya tayar da wata jijjiga mai tsanani, ƙafafun biyu su riƙa kaɗawa hagu da dama da ƙarfin da zai nemi ƙwace sitiyari daga hannu. Direbobin can suna kiranta rawar ajali. Ba ta tsayawa don kanta, domin kowace kaɗawa ita ke haifar da ta gaba, kuma ba ta lafawa sai gudu ya sauko ƙwarai, wani lokaci sai an kusa tsayawa cik.

Abin da ke sa ƙafar gaba ta komo tsakiya da kanta shi ne ɗan kwanciyar da aka yi wa mahaɗinta zuwa baya, kamar yadda ƙahon keke yake a kwance ba a tsaye cak ba. Idan safirin ya gaji, ko an sauya tsayin motar, ko aksul ya bugu, wannan kwanciya takan ɓaci, sai an kai ta wurin masu saitin ƙafa da ke da ma'aunin manyan motoci.

A nan ne masu mota da yawa ke kuskure. Ana sayar da wata na'ura mai kama da shakazoba da ake ɗaurawa a kwance a jikin tayarod don ta sha bugun da ke zuwa sitiyari. Tana da amfaninta a motar da take lafiya, musamman wajen iska da rami. Amma wanda ya ɗaura sabuwa a kan tayarod da ya ci don rawa ta daina, ya bar jaki yana dukan taiki. Hannunsa zai huta, gaɓar kuwa za ta ci gaba da ci a ɓoye har ranar da kanta zai fita daga mazauninsa. Ƙafar da tayarod ɗinta ya cire ba ta jin sitiyari ko kaɗan.

Sauran dalilan ba su da wuyar ganewa. Rawar da ke zuwa sa'ad da aka taka totur, ta tafi idan an ɗaga ƙafa, a motar da ke ja da ƙafafun gaba kamar Ducato da J5, yawanci daga mahaɗan sandunan da ke juya ƙafafun take. Wadda ake ji a kujera da daɓen mota fiye da sitiyari, daga baya take, ko tayoyin baya ko farfela. Wadda ake ji mota na tsaye inji na aiki, robobin da inji ke zaune a kansu ne, ko injin kansa.

Inda haɗarin yake

A gudun kilomita 100 a sa'a mota tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Taya mai tsalle ba ta kama titi daidai a tsawon wannan tafiya, saboda haka nisan tsayawa yakan ƙaru, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Idan tayar gaba ta fashe, motar takan fizga da ƙarfi zuwa gefen da ya fashe. Ƙaramar mota da ta sauka daga kwalta tana iya komowa. Mota mai tsawo da nauyinta ke sama, idan ƙafa ɗaya ta faɗa gefen titi direba kuma ya murɗa sitiyari da sauri don ya dawo, abin da ya fi kusa shi ne kifewa. Bangon ɗakin kuwa ba ƙarfen mota ba ne. Yawanci katako ne da soso da siririn gorar ruwa ko roba, ba a yi shi don ya jure birgima ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Jijjigar sa'o'i takan kwance notuna, ta goge wayoyin lantarki a inda suke shafar ƙarfe, ta sassauta mahaɗan bututun gas da na ruwa. Yoyon gas a ɗakin da mutane za su rufe su kwana ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ake son a rufe tukunyar gas daga kanta kafin a kama hanya, sai dai in an yi wa motar na'urar da ke datse gas ɗin da kanta idan an yi karo. Direba ma rawar takan gajiyar da hannuwansa da kafaɗunsa, kuma wanda ya saba da tsohuwar rawa ba zai lura da sabuwa ba ranar da ta zo. Fasinjoji kuwa, kasancewar akwai gado da tebur ba ya halatta musu yawo ko kwanciya mota na tafiya. Kowa ya zauna a kujera mai bel ya ɗaura.

Abin yi a hanya da a gareji

Idan rawa ta taso da ƙarfi ana cikin gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙar da motar, a sassauta totur a hankali. Kada a danna birki da ƙarfi, domin hakan yakan jefa nauyin motar duka a kan ƙafar da ke da ciwon. Idan taya ce ta fashe, shawarar masana ita ce kada ma a ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya. A riƙe gudun na ɗan lokaci har motar ta daidaita a kan layinta, sa'an nan a rage sannu sannu, a kunna fitilun gargaɗi, a nemi wuri mai faɗi da ƙasa mai ƙarfi. Bayan an tsaya, a fitar da fasinjoji ta gefen da ba titi, a kafa alamar gargaɗi a baya da nisa. Sai a duba notuna, a shafa bayan kowace taya da gefenta na ciki da na waje don neman kumburi ko tsagewa, a kuma gwada zafin ƙafafun. Kumburi, ko noti kwance da ramin rim ya faɗaɗa, ko ƙafa mai hayaƙi, kowanne ya isa a ce tafiya ta tsaya a nan har a gyara.

A gareji, direba ya faɗi abin da ya lura da shi filla-filla: a wane gudu rawar ke farawa, a wane take tafiya, ko birki ko totur ko kwana na sauya ta, a hannu ake ji ko a kujera, tun yaushe, kuma me aka taɓa a motar kafin ta fara. Makaniki nagari zai ɗaga ƙafar, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza don gwada boris da mahaɗai, ya kama ta hagu da dama don gwada tayarod, ya juya ta yana kallon ko bayanta na tashi da sauka. Tsarin aikin shi ne a fara da taya da rim, sa'an nan gaɓoɓi, sa'an nan birki, saitin ƙafa ya zo ƙarshe, domin saitin da aka yi a kan gaɓa mai wasa ba ya kwana. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma ƙafafun ƙarfen da ke daidaita ɗakin a masauki ba a yi su don ɗaga mota a yi gyara ba.

Abu na ƙarshe da yawancin masu motar ba su taɓa yi ba shi ne awo. A cika ta kamar ranar tafiya, da ruwa da mai da gas da mutane, a kai ta sikelin manyan motoci, a auna ƙafafun gaba dabam, na baya dabam, a gwada da lambobin da ke kan farantin da maƙeri ya manna a jikinta. Idan baya ya wuce ƙa'ida, a rage kaya, a matso da masu nauyi ƙasa da tsakiyar motar. Daga nan a sa iskar da ta dace da nauyin da sikeli ya nuna, a fita da motar a kan hanya mai kyau, a kai ta gudun da take rawa a da, a ji.